Jar Tantan da Shanun Baba

Da zarar kuɗin sallama sun faɗo wa ma'aikacin gwamnati, sai ya tuna kakansa manomi ne. Ni ma haka na sayi 'yar gona wajen Tudun Wada, a kudancin Kano, ƙasar masara, na ce noman zamani zan yi. Maƙwabcin gonata, wani dattijo mai shanun huɗa biyu, ya dubi faɗin gonar ya ce, "Malam, ai wannan haya za ka ɗauko. Mai tantan ya shigo da hantsi, kafin azahar ya gama." Na yi masa murmushin 'yan boko na ce, "Baba, tawa nake so."

Dillali ya kai ni wani fili da ake jera tsofaffin motocin noma. Can na hango ta, jajawur, tana sheƙi: Massey Ferguson 375, irin wadda manoman Arewa ke yabo saboda jure wahala da sauƙin samun kayan gyara. Dillali ya dafa ta ya ce, "Yallaɓai, dawaki 75 ke cikin wannan injin." Na zagaya ta, na shuri taya, na tambayi kilomita nawa ta ci. Ya ce tantan awa take ƙirgawa, ya nuna mini agogon. Aka tayar da inji, ƙasa na rawa, lambobin agogo ko gezau. Ya ce, "Ka gani? Ko tsufa ba ta yi." Mai fenti kuwa bai yi rowa ba. Ya fente notuna, ya fente busasshiyar laka, har wani gidan zanzaro da ke ƙarƙashin kujera ya sha ja. Na taya, aka ce albarka, na ƙara, aka sallama, na biya la'ada ina ta godiya.

Da aka sauke ta a ƙofar gida na ce wa mai babbar mota, "Garmar fa?" Ya ce, "Wace garma? Tantan aka ce in kawo." Ashe garma mai faifai uku kuɗinta daban, haro daban, abin huɗa daban, tirela daban. Uwargida ta leƙo daga zaure, ta ƙare mata kallo, ta ce, "Malam, doki ka sayo ke nan babu sirdi?" Sauran kuɗin da na ware na taki, can suka tafi.

Ranar gwaji yaran unguwa suka cika bakin hanya. Na hau da babbar riga. Tantan tana da totur na hannu, wanda ke zama inda ka ajiye shi ko da ka sake shi, kuma birkinta biyu ne, kowace tayar baya da nata, domin juyawa a ƙarshen kunya. Akwai 'yar sakata da ke haɗe su in za a hau titi. Tawa sakatar a buɗe take. Wata akuya ta gifta, na danna na hagu da iya ƙarfina, tayar hagu ta tsaya cak, ta dama ta ci gaba da aikinta. Muka yi juyi a wuri ɗaya, ni da hula da riga, muka shige dangar mai unguwa muka tsaya a gaban turken awakinsa. Ya fito da buta a hannu ya ce, "Malam, ai da ta ƙofa ka shigo, a buɗe take."

Bayan an gyara danga sai gas ya ƙare a tsakiyar gona. Na aika aka sayo jarka, na ɗura, na murɗa makulli har batir ya suma. Bakanike ya zo a kan babur ya ce iska ta sha, injin gas ba ya yafe wannan. Ya sassauta wani ɗan noti a kan filta, ya yi ta danna ƙaramin famfo da babban yatsa har kumfa ta daina fitowa, ya ɗaure. Aikin bai kai shan shayi ba, amma kafin ya tafi ya rubuto mini takardar kayan da zan sayo a Ƙofar Ruwa, gaba da baya.

Sai damina ta kankama. An kwana ana ruwa, da safe na nufi gangaren fadama da garma. Baba ya ɗaga mini hannu, na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga masa. Taya ɗaya ta fara juyawa a banza tana watsa taɓo, na ƙara wuta, ta ƙara haƙa wa kanta rami, har ciki ya zauna. Wanda aka kira ya ciro ni shi ne mai tantan ɗin haya da na raina. Yaronsa, wanda ko gemu bai fara ba, ya nuna mini wani ƙarfe a bayan dunduniyata ta dama ya ce, "Baba, da wannan ka taka tun farko, tayoyin biyu za su ja tare." Kuɗin jan da na biya ya fi kuɗin nome gonar gaba ɗaya.

Amma fa na yi suna. Kayan ɗakin amarya, yashin masallaci, 'yan ƙwallo masu zuwa wasa ƙauyen gaba, duk tirelata. Kowa ya sauka sai ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji mai tantan," ban kuwa taɓa ganin gidan man da ke karɓar wannan addu'a a bakin lita ɗaya ba.

Huɗar masarata a bana shanun Baba ne suka yi ta, domin tantan tana jiran wani ƙarfe daga Kano. Da muka zauna hutawa a gindin ɗorawa na ce masa, komai dai, inji ya fi dabba. Ya ce, "Haka ne, Malam. Sai dai waɗannan harawa suke ci, su ba ni taki, in sun gaji da aiki in turke su, da babbar sallah mahauta su saya fiye da yadda na sayo su." Ya nuna tantan da baki. "Taka fa, in ta tsufa, wa zai yanka?"