Ire-iren Mahalarta Walimar Cika Shekara a Ƙasar Guci

Walimar cika shekara sabuwar al'ada ce a Guci da maƙwabtanta na gundumar Magariya da ta Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011, a kudancin jihar Damagaram. Tarukan da aka sani suna haɗa dangi su ne suna, aure, saukar karatu, sallah da zaman makoki. Ranar haihuwa ba ta cikinsu, domin ba a rubuta ta. Yawancin dattawan yankin da girmansu suka samu takardar haihuwa, ta hannun alƙali da shaidu, aka ƙiyasta shekara, aka sa musu 1 ga Janairu. Ƴaƴa da jikoki mazauna Zinder, Yamai da Kano ne suka kawo al'adar gida, kuma akan yi ta idan maigida ya cika saba'in ko tamanin a takarda. Lokacin ya yi wa kowa daidai: hatsi yana rumbu, rake ya nuna a fadamun Korama. Abu ɗaya ake kiyayewa, kada taron ya faɗa ranar Alhamis, don ba a gasa da kasuwar Maigatari. Ga mahalartan bisa tsarin bayyanarsu.

Mai shiri. Galibi babban ɗa ne, ma'aikaci ko ɗan kasuwa a birni. Tun da watanni ya buɗe zaure a WhatsApp da sunan gidan, ya naɗa kansa shugaba, ma'aji, kuma mai tsawatarwa. Shi ke zuwa da ƙyalle mai hoton tsoho da lamba 80, da kek da ya saya a Zinder. In daga Yamai ya taso, sai ya ci kusan kilomita 900 kafin Zinder, daga baya ya bar kwalta ya shiga rairayi, shi ya sa kek ɗin yakan iso a karkace. A aljihunsa akwai takardar tsarin taro: ƙarfe goma addu'a, goma da rabi jawabin iyali. Da ita ake kunna gawayin shayi kafin azahar.

Masu lissafin shekaru. Su uku ne, kuma ba sa haɗuwa a kan lamba ɗaya. Na farko abokin tsoho ne tun na kiwo, wanda ba ya ƙirga da kalanda sai da abubuwan da suka faru. Zai rantse cewa shekarar samun mulkin kai, 1960, tsoho ya riga ya yi aure; lokacin da Kunce ya kifar da Diori a 1974 yana da ƴaƴa biyar; a yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a lokacin, har furfura ya fara. A lissafinsa tsoho ya kai tamanin da biyar. Ta biyu ƙanwar tsoho ce, wadda ta san duk abin da aka ƙara wa yayanta rabonta na ciki. Ita a wurinta, a 1960 yana bin awaki ko wando babu, don haka saba'in da biyar ma an yi masa alfarma. Na uku malami ne, mai tunatar da jama'a cewa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, saboda haka mai 80 a takarda ya wuce 82 a lissafin wata. Gardamar takan mutu ne idan mai shiri ya nuna ƙyallen, ya ce an riga an biya kuɗin bugawa.

Mai fatawa. Tun a zauren waya ya bayyana cewa bikin ranar haihuwa ba shi da asali, koyi ne da baƙin al'adu. Saboda shi aka sauya wa taron suna zuwa walima, aka sa saukar Alƙur'ani da safe, aka soke hura kyandir. Ranar taro yakan zo da wuri, ya sanar da cewa sada zumunci ya kawo shi, ba shekarun kowa ba. Hukuncinsa a kan kek yana da tsauri. A kan naman rago ba a taɓa jin ya yi magana ba.

Mai gudummawar baki. A wannan yanki naira da sefa tare suke yawo a kasuwa, kuma wannan mutum ya fi kowa sanin amfanin hakan. Idan ana karanta gudummawa yakan miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce, “A rubuta mini dubu hamsin.” Mata su yi guɗa. Sai ranar biya ake gane naira yake nufi, wadda tun faɗuwarta a 2023 ba ta kai sefa daraja ba. Gogaggen ma'aji tun a wurin yake tambaya, “Kawu, da wane kuɗi?” Kawu kuwa sai ya shiga amsa gaisuwar wani.

Ɗan ci-rani. Daga Legas ya dawo, ko Libiya, ko haƙar zinariya ta Jado da ta ja samari tun 2014. Alamominsa baƙin tabarau, waya biyu da turare mai riga shi isa zaure. Yara na kewaye da shi yana ba da labarin sahara da ubangidansa da ba ya iya komai sai da shawararsa. Yakan raba alewa da sababbin takardun kuɗi ƙanana. Daren komawa yakan shiga ɗakin mahaifiyarsa ya daɗe, kuma washegari akan ga akuyarta guda ta kama hanyar kasuwa.

Gwaggo mai ludayi. Babu wanda ya naɗa ta, babu kuma mai iya sauke ta. Tun asuba take kan kujera ƴar tsugunno a gaban tukunya, zane ɗaure a ƙugu, makullin ɗakin kayan miya a bakin zanen. Rabon nama a hannunta hisabi ne na shekaru. Idan aka miƙo kwanon matar ɗan'uwan da ta zo mata jinya, ludayin yakan nutse har ƙasan tukunya ya fito da tsoka. Idan na wadda ba ta zo sunan jikanta ba ne, sai ya yi shawagi a sama ya ɗebo romo da guntun wuya. Ba ta faɗa, ba ta harara. “Kai wa uwarka, ka ce ina gaishe ta,” iyakar abin da take ce wa yaron ke nan, kuma saƙon yana isa yadda aka aika shi. A gefenta facaloli ke tuƙa tuwo, kowacce tana lura da yawan itacen da ƴar'uwarta ta kawo.

Masanin asali da baƙon dangi. Tare ake bayaninsu domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Baƙon dangi yakan sauka daga kabu-kabu da buhu a naɗe a hammata, ya gaida kowa da sunansa, alhali babu wanda ya san shi. Sai a aika a kira masanin asali, tsoho ko tsohuwa mai riƙe da sassalar gidan a ka. Zai rufe ido ya bi ta Wacha, ya ratsa Bande, ya tsallaka Babura, ya dawo da hukuncin cewa kakar baƙon ta sha nono ɗaya da kishiyar kakar tsoho. Daga nan baƙo ya zama ɗan gida, a shimfiɗa masa tabarma. Ba a san masanin asali ya taɓa kasa gano dangantaka ba, musamman idan baƙon ya fara gaishe shi da goro.

Taubasai da jikoki. Su ne al'ada ta ba lasisin faɗin abin da kowa ke tunani. Taubashi zai dubi ɗan ci-rani a bainar jama'a ya tambaye shi ko wayar ta biyu tana da batir, kuma dole a yi dariya, don fushi da taubashi abin kunya ne. Jikoki mata kuwa kan tsoho suke sauka. “Angona, tamanin fa aka ce. Ni na fasa auren, a ba ni takardata.” Shi kuma ya ce ai ita ce ta tsufa, tuwonta ma gudaji ne, amarya zai sake.

Suruki. Mijin ƴar gidan ne. Tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, ya yi gaisuwa idonsa a ƙasa. Shi ke kafa rumfa, shi ke fiɗar rago, shi ke ɗauko kujeru daga makaranta. Idan aka kawo abinci ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake. Bayan la'asar akan same shi a bakin kasuwa, bayan rumfar mai tsire, ya juya wa hanya baya.

Mai tone-tone. Yana zuwa da magana ɗaya a ciki, yana jiran a ƙoshi. Da an ɗauke kwanuka sai ya yi gyaran murya: “Tun da Allah ya tara mu, akwai zancen fadamar nan.” Fadamar rake ce da aka raba gado tun kafin a haifi rabin mutanen wurin, kuma a ganinsa an matsar da iyakar da taki uku. Wasu gidaje sukan tanadi dattijo na musamman ya zauna kusa da shi, aikinsa kawai da ya ji gyaran muryar ya ce lokacin salla ya yi.

Mai ɗaukar hoto. Jika ce ko jikan da ke karatu a Jami'ar Zinder. Ba ta ga taron da idonta ba, ta waya ta gan shi. Tana jera mutane bisa tsawo, ta ce kowa ya yi murmushi, dattawa kuwa su ƙame su haɗe fuska, don a wurinsu hoto abin katin ɗan ƙasa ne. Sauran yinin tana kan tudu a bayan gari, hannu a sama, tana neman layin da za ta tura wa dangin da ke Kano da Agadas.

Mai walima. Shi ya fi kowa ƙarancin sanin abin da ake ciki. An sa masa sabuwar shadda mai kaushi da hula da ta ɗan matse shi, an zaunar da shi a kujerar roba alhali ya fi son buzunsa. Idan aka ba shi kek yakan ɗanɗana, ya ce da kyau, ya miƙa wa jika, ya nemi furarsa. Shekarunsa ba su dame shi ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma lissafinsa a nan ba ya kuskure. A jawabinsa yana gode wa kowa da suna, har da mai kabu-kabu, ban da mai shiri: ɗan fari ne, kunya ta hana a ambace shi. Iyakar rabonsa shi ne, “Wancan yaron ma Allah ya yi masa albarka.”

Masu tafiya. Kashi uku ne. Akwai mai sallama, wanda ke ban kwana tun azahar, a raka shi bakin zaure, ya tuna bai gaida Inna ba, ya koma, har magariba ta same shi a kan tabarma. Akwai mai ƙunshi, wadda ta zo da kwano ɗaya ta koma da uku, da sauran alkaki, da damin rake na yara. Na ƙarshe shi ne wanda bai tafi ba, sau da yawa baƙon dangin nan ne. An naɗe rumfa, an mayar da kujeru, ƴan birni sun koma bakin aiki, shi yana nan yana taya tsoho hira. Ba a korar baƙo a gidan mutunci, don haka ba a ce masa komai. Ana jira ne ruwan shuka ya sauka wajen watan Yuni, a miƙa masa sungumi tare da sauran mazan gida. A ranar yakan tuna cewa shi ma yana da gona a garinsu.