Madalla da Kwamared Namu

Duk mai cewa 'ya'yan Augie ba su iya shugabanci ba, ya zo ya ga Kwamared. A gabanmu yaron nan ya tashi, mun san shi tun yana korar tsuntsu a fadamar shinkafa da gwangwani a hannu. Yau ga shi wakilin ɗalibai a majalisar ƙungiyar ɗaliban wata jami'a, abokai na ce masa Sanata, shi kuwa yana ɗaga musu hannu kamar yanzu ya sauka daga Abuja. Garin nan ya taɓa fitar da sanata, marigayi Adamu Augie, wanda kwalejin ilimi ta Argungu ke ɗauke da sunansa. Shi sai da ya yi shekaru yana aiki kafin a kira shi haka a 1999. Namu tun bai gama aji uku ba ya cim masa.

Kuma don Allah ya karɓi aikin nan. Da bakinsa ya faɗa lokacin da yake bin ɗakunan kwana yana neman ƙuri'a: babu albashi, babu alawus, hidima ce tsantsa. Allah kuwa ba ya barin mai hidima. Kafin zangon karatu ya ƙare waya ta zama biyu, shadda ta fara ɗaukar ido, takalmin roba ya ba na fata wuri. Mahassada ne kawai ke tambayar daga ina.

Babbar baiwarsa ita ce sanin darajar manya. Na taɓa riƙe ɗaya daga cikin lambobin yabon da yake rabawa: katako ne mai sheƙi, an manna hoton mai girma a tsakiya, a ƙasa an rubuta "Garkuwan Ɗalibai" da ruwan zinare, har lokacin warin fenti bai bar shi ba. Da irin wannan yake shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ya zauna a ɗakin jira tun hantsi har la'asar sakaliya, lacca uku ta wuce shi bai ce uffan ba. Wa ya ce yaran yanzu ba su da haƙuri? Idan aka yi masa iso ya durƙusa, ya ce ranka ya daɗe, ya miƙa katako, a ɗauki hoto, a sa a Facebook. Wajen fita a ba shi ambulan, a ce ga na mai. Ga shi da adalci, ba ya nuna bambancin jam'iyya. Wanda ke kan kujera ya samu, mai neman ture shi ma ya samu. Har wanda bai taɓa saya wa ɗan kowa biro ba ya zama Gwarzon Ilimi, don Kwamared ba ya son a ce an ware wani. In baki ya ci ido sai ya ji kunya, shi ya sa ba a taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba. Tarbiyya ke nan.

Riƙon amana kuwa ba a magana. Kuɗin ƙungiya da ake karɓa wurin kowane ɗalibi, shi da abokan majalisarsa sun adana su adanar da har yau ba idon da ya ga lissafinsu. Da burtsatsen ɗakin kwana ya lalace, ɗalibai suka koma sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa, mata na fita neman ruwan alwala tun asuba, Kwamared bai zauna ba. Ya je har bakin famfon, ya dafa kansa da hannun dama, ya ɓata fuska, aka ɗauke shi hoto. Ya rubuta cewa suna kan tattaunawa da hukuma. Wata huɗu ke nan tattaunawar ba ta yanke ba, ka ga juriya.

Idan ka kwatanta shi da na da, a nan za ka san ya fi su wayo. A 1960 ɗalibai suka yi tattaki zuwa majalisa a Legas a kan yarjejeniyar tsaro da Ingila, ba su huta ba sai da gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. Ko hoto ɗaya da minista ba su tsira da shi ba. A Afrilun 1978 an ƙara kwabo hamsin a kuɗin abincin yini, ɗalibai suka tashi a duk faɗin ƙasa suna cewa sai Kanar Ahmadu Ali ya sauka daga kujerar ilimi. An harbe ɗalibi a Legas, an harbe wasu a Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, aka kori shugabanta Segun Okeowo daga jami'a. A Mayun 1986 jinin ɗalibai ya sake zuba a Samaru ta Zariya. A kan kwabo hamsin mutum ya yi asarar karatunsa don ɗan talaka ya ci abinci! Namu ba zai yi wannan wauta ba. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, jami'o'i da dama suka ninka kuɗin rajista, kuɗin mota daga Argungu ya tashi, Kwamared ya fitar da sanarwa yana roƙon ɗalibai su zama masu bin doka. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu, ba wanda aka kora. Waɗanda suka bar makaranta da ƙafarsu suka tafi.

Cikinsu akwai 'yar maƙwabcina. Ubanta manomin rani ne, injin ban-ruwansa fetur yake sha, kuma tun da mai ya yi tsada rabin gonar kawai yake iya shayarwa. Ya sayar da shansherar da ya ajiye don ci, kuɗin rajista ba su cika ba. A lokacin an riga an buɗe asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024. Ta intanet ake nema, da lambar JAMB da ta katin ɗan ƙasa da ta banki. Abin da yarinyar ke buƙata shi ne wanda zai zauna da ita rabin awa ya nuna mata, ya kuma bi mata sunanta a ofis. Ranar Sallah uban ya tare Kwamared a ƙofar masallaci, ina tsaye.

"Ɗana, maganar ƙanwarka fa?"

"Baba, kwantar da hankalinka, maganar tana sama."

Ya ciro sabuwar ɗari biyar ya ba ƙanin yarinyar goron Sallah, ya shiga motar wani mai girma. Dubi ladabi, dubi kyauta. Maganar ta yi sama sosai, don har aka rufe rajista ba ta sauko ba.

Na ji an ce yana hangen kujerar kansila da zarar ya gama bautar ƙasa, kuma manya sun ce yaron zai yi nisa. Gaskiya suka faɗa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ya riga ya iya duk abin da ake buƙata: karɓar kuɗin jama'a ba lissafi, alkawari a ƙofar masallaci, hoto a bakin famfon da ba ruwa.

Ku 'ya'yanmu da ke karatu a Aliero da Kalgo da Sakkwato da Zariya, yabon ya ƙare a nan. Wanda duk ya shigo ɗakinku neman ƙuri'a, ku ce ya kawo lissafin kuɗin ƙungiya a rubuce, ya kuma faɗa muku ɗalibi nawa ya taɓa rakawa ofis. 'Yar maƙwabcina tana gida a Augie yanzu, littattafanta na aji biyu suna cikin kwali a ƙarƙashin gadon uwarta.