Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Kibod

Zuwa ga Malam Kibod,
Mazaunin teburin shagona,
Tudun Wadar Dankadai.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙurar hunturun nan ba ta cika maka haƙora ba. Da biro na rubuta takardar nan, na kai wa maƙwabcina ya buga mini a wayarsa, domin ba a ba wanda ake ƙara ya rubuta takardar ƙarar da hannunsa.

Malam Kibod, sharaɗin zamanmu ba shi da wuya: ni in danna, kai ka rubuta abin da na danna. Da haka muke samun na tuwo ni da kai. Katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, sanarwar saukar karatu ta Islamiyya, rajistar yaran da ke neman jami'a, duk ta kanka suke bi. Wani tun daga Riruwai zai taso, ya ratso dajin Falgore a kan babur da 'yar takardarsa a aljihu, yana son a buga masa ya juya kafin la'asar. Janareta kuma yana shan mai, ko kana aiki ko kana wasa.

To, me ya kai ka abin da ka yi ranar nan? Ina buga wa wani dattijo takardar cinikin gona. Idona na kan rubutun hannunsa, ba a kan allo ba, kamar yadda duk wanda hannunsa ya faɗa yake yi. Na buga sunan mai sayarwa, na buga iyakar gabas da ta yamma, na shiga jerin shaidu. Ɗaga kan da zan yi sai na ga layi uku sun koma wasu haruffa masu kusurwa, sun baro dama suna tafiya hagu. Dattijon nan mahaddaci ne. Ya gyara tabarau, ya matso, ya ɗora yatsa a gefen dama ya bi layin a hankali, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ba Warshu ba ne, ba kuma Hafsu ba." Wani yaro da ke jiran hoto ya ce bairos ne. Wani ya ce sai dai a kai birni a yi fomatin. Dattijo dai ya naɗe takardarsa, ya ce gonar gado ce, ba za a rubuta masa ita da rubutun da ba wanda ya san abin da ya ce ba.

Daga baya muka gano Ibrananci ne, harshen mutanen Isra'ila, mai baƙaƙe 22, wanda shi ma daga dama ake fara shi kamar Larabci. Ban da abin faɗi a kan harshen mutane. Tambayata ɗaya ce: a duk faɗin Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji, wa ya taɓa zuwa shagona ya ce a buga masa takarda da Ibrananci?

Na bi asalinka, na kuma gano inda ka koyo shi. Kai da kwamfutar da aka haɗa ku 'yan gwanjo ne, kun sha hannu a ƙasashen waje kafin ku sauka Kano. Wanda ya riƙe ku kafin ni ya zuba harsunansa a cikinku, ya tafi ya bar su, kamar ɗan haya da ya tashi ya bar tarkacensa a ɗaki. Ashe ma ba Ibrananci kaɗai ba ne, har da Faransanci, kuma shi ya fi cuta. Ibrananci ko makaho ya shafa ya san an sauya. Faransanci kuwa da haruffanmu na boko yake zuwa, sai dai a tsarinsu A da Q sun yi musayar gida, W da Z ma haka. In ka shiga wannan hali, Kiru da Bebeji suna fita lafiya, ko ƙwarzane babu. Amma Doguwa sai ta koma Doguzq, garinmu kuma ya zama Tudun Zqdq. Lambar waya ko a bar zancenta: in danna 1 ka ba ni &, in danna 2 ka ba ni é. Yanzu a ce sunan yaro nake shigarwa a rajistar jarrabawa, Zakariyya ya koma Wqkqriyyq, wa zai biya kuɗin gyara?

Na san abin da za ka kare kanka da shi. Za ka ce kai ɗan aike ne, Windows ce mai hukunci, ita ta tsara cewa duk wanda ya haɗa Alt da Shift na hagu to harshe ya sauya. Za ka ƙara da cewa tun Windows 8 ta shekarar 2012 aka buɗe wata ƙofar, maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara. Na ji. Amma Shift ɗin nan shi nake dannawa a farkon kowane suna da kowace jimla, Alt kuma yana nan kusa da shi a ƙarƙashin babban yatsa. Wane mai hankali ne zai haƙa rijiya a bakin ƙofar ɗaki, sannan ya ce laifin mai fitowa ne? A cikin Word ma akwai wani tarkon: Ctrl da Shift na dama, sai sakin layi ɗungurungum ya tattara ya koma gefen dama, aya ta dawo farkon magana.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fuska biyun da kake yi. Akwai wani zaɓi a cikin saiti da ke ba kowace manhaja damar riƙe harshenta daban, kuma na tarar da shi a kunne. Shi ya sa a Word kana Bature, ina tsallakawa intanet ka zama wani. A gurbin kalmar sirri kuwa ɗigo-ɗigo kawai ake gani, ba haruffa ba. Mutum ya yi ta buga abin da ya sani sarai, ana ce masa ba daidai ba, har a rufe masa shafi, kai kuwa ka yi lamo kamar ba ka san zancen ba.

Wani zai ce in share komai in bar Turanci. Ba zai yiwu ba. Katin aure ba ya fita sai da Bismilla a samansa, takardar Islamiyya kuma sai da sunan makaranta da Larabci. Shi Larabci ni na gayyato shi, da hannuna na liƙa maka 'yan takardun baƙaƙensa a kan maɓallai.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Ibrananci masu jin sa kimanin miliyan 9 ne, ka kawo mini shi har teburi ba tare da na tambaya ba. Hausa masu jin ta sun haura miliyan 50, amma ko maɓalli ɗaya ba ka ware wa ɓ da ɗ da ƙ ba, alhali tun shekarun 1930 haruffan nan masu lanƙwasa suke cikin rubutun boko. Sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya zauna ya ƙirƙiro mana salon rubutu na Rabi'at a shekarun 1990 muka samu sa'ida, shi ma in ka kai takardar wata kwamfutar da ba ta da shi, sai lanƙwasar ta koma wasu alamomi. Yau Windows tana da tsarin Hausa, a riƙe Alt na dama a danna k a samu ƙ, amma sai mutum ya shiga lungu ya nemo shi da kansa. Wayar hannu ma ta fi ka kunya: Gboard na da Hausa, lanƙwasa ba ta gagara a can.

Saboda haka ga hukuncin da na yanke, na kuma riga na zartar. Na shiga saiti, sashen lokaci da harshe, na sallami Ibrananci da Faransanci, Allah ya raka taki gona. Na shiga inda ake naɗa maɓallan sauya harshe, na tuɓe wa Alt da Shift wannan sarauta. Na kashe zaɓin nan na kowace manhaja da harshenta. Harsuna uku na bar maka: Turanci, Larabci da Hausa, kuma ba ka shiga ɗaya sai na ce ka shiga. Ka sake yi mini na ranar nan, kibod mai igiya ba ya wuyar samu a kasuwa, zan jona shi in yi maka ritaya ba fansho.

Ku kuma abokan sana'a na Kwanar Dangora da Tiga da Riruwai, duk ranar da naku ya fara yare, kada ku yi saurin biyan kuɗin fomatin. Ku fara duba can ƙasa kusa da agogo. In ba ku ga ENG ba, ku latsa wurin ku dawo da shi, sannan ku shiga saiti ku sallami baƙin da ba ku gayyata ba.

Haza wassalam.

Naka,
Mai buga takardu,
Tudun Wada.