Sili Ɗaya Cikin Takwas

A garin Daura akwai wani mai ɗaukar hoto da bidiyo da ya yi suna a sana'arsa. Biki ko naɗin sarauta, daga Zango har Baure, shi ake nema. Ranar Hawan Magajiya da Sallar Gani kuwa, tun hantsi yana ƙofar fada yana jiran fitowar Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar. Yana da yara uku a shago. Ƙaraminsu ne ke zama gaban kwamfuta, domin shi Allah ya ba basirarta.

Da aiki ya yi yawa, maigidan ya je Kano ya sayo akwatin ajiya, irin wanda ake kira NAS, mai faifai biyu a ciki. Saboda ƙura da zafi, aka ajiye shi a ɗakin cikin gida, aka ja waya daga shago, ta zaure, ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe. Da fari abin sai son barka: bidiyon giga 100 yakan shige cikin minti goma sha biyar. Bayan 'yan watanni sai ya koma awa biyu da rabi. Masu biki suna zaune a benci suna jira, maigida yana ta ba da haƙuri yana zufa.

Yaron ya zauna ya yi ta gwaji. Ya kashe Wi-Fi don ya tabbata ta waya ake turawa. Ya tura ƙananan hotuna dubbai, sannan ya tura babban bidiyo guda ɗaya, tunda ya san tarin ƙanana kullum ya fi jan lokaci. Babban ma ya tsaya a megabait 11 a daƙiƙa, bai hau ba, bai sauka ba. Da ya duba saitin kwamfutar, sai ya ga layin yana nuna 100 a inda da yake nuna 1,000.

Ya sami maigidansa bayan la'asar, ya rusuna, ya ce, "Baba, akwatin nan lafiyarsa ƙalau. Faifan da ya gaji, gudunsa hawa da sauka yake yi. Wannan kuwa a wuri ɗaya ya kafe. Ina zaton wayar da ke ƙarƙashin ƙofa ce."

Gaskiyar yaron ke nan. Wayar tana da sili takwas, an murɗe su biyu-biyu. Gudun megabit 1,000 sai da dukansu takwas. Sili ɗaya ya tsinke, in ba ya cikin huɗun da ƙaramin gudu ke bi, na'urorin ba sa yanke hulɗa, sai su koma megabit 100 ba tare da sun sanar da kowa ba. Fitila tana ci, aiki yana tafiya, amma kashi ɗaya cikin goma. Mu mutanen Daura bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. A zamanin Daurama ruwa na nan cikin rijiyar Kusugu, macijin da ya tare bakinta ne ya sa ba a ɗiba sai ranar Juma'a.

Maigida ya dube shi ya ce, "Kai yaro, wayar da ba ta kai kuɗin cefane ba ita za ta durƙusar da akwatin dubban ɗaruruwa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Finafinan da kake saukewa ne suke cinye layin."

Karin maganar gaskiya ce, kuma da ita aka raine mu. Amma lambar nan a rubuce take a fuskar kwamfuta, taku uku ne tsakaninta da kujerar maigida, kuma bai tashi ya duba ba. Wannan ne ya fi ci mini rai a labarin.

Ya ƙara kuɗin data, ba abin da ya sauya, domin bidiyon daga shago zuwa ɗaki yake tafiya, ba ya bi ta intanet ko kaɗan. Ya kira wanda ya sayar masa da akwatin ya gaya masa maganganu. Ya sayo sababbin faifai, akwatin ya kwana yana kwafe tsofaffin a kansu, da gari ya waye gudun yana nan a 11. Ana cikin haka wani ango ya fusata ya karɓe kuɗinsa. A ranar, a gaban mutane, maigida ya sallami yaron, ya kuma riƙe masa kuɗin watan, wai a madadin asarar da ya jawo.

Daga baya aka ɗauko injiniya daga Katsina, da kuɗin mota da na aiki da abincin rana. Mutumin ya duba lambar, ya bi wayar da hannu har zaure, ya ɗaga ƙofar, ya nuna inda ƙarfe ya cinye roba. Ya ja sabuwar waya ta saman bango cikin bututu. Lamba ta koma 1,000, gudu ya haura megabait 100. Ko shayinsa bai huce ba.

Maigida ya yi ta sa masa albarka. Har yau idan aka zauna a majalisa bayan isha, yakan ba da labarin gwanin Katsina da ya gano cutar da kallo ɗaya. Sauran yaran biyu, waɗanda suke wurin ranar da ƙaraminsu ya rusuna ya yi magana, sukan sunkuyar da kai. Tun daga lokacin, ko sun ga batir yana kumbura, ko kyamara ta fara ɗaukar zafi, ba mai cewa uffan. Sun ga abin da faɗin gaskiya ya jawo.

Yaron yana Mai'adua yanzu, yana gyaran waya a rumfar wani. Mahaifiyarsa ce ta kai shi shagon hoton da hannunta tun yana ƙarami, ta ce ga amana. Ba ta je ta tambayi dalilin korar ba, don tana jin nauyin maigidan. Kuɗin watan nan har yanzu ba a aika ba, kuma maigida yana bin hanyar duk ranar kasuwa.