Ladubban Zaɓen Macafki Ga Mai Ƙaramar Tarakta

Macafki, a wurin ƙananan manoman Amurka da masu filaye a bayan gari, wani muƙamuƙin ƙarfe ne mai haƙora sama da ƙasa wanda ake ɗaurawa a gaban tarakta a gurbin bokitin lodi, domin ya buɗe baki ya cafki rassa da gungume da kututture da duwatsu, ya riƙe su gam har inda ake son sauke su. Taraktar da ake nufi ita ce ƙarama, wadda ƙarfinta yake kamawa daga doki 20 zuwa 60, irin waɗanda Kubota da John Deere da Mahindra da Kioti suke sayarwa, kuma yawancin masu ita mutane ne da ke da 'yan ekoki waɗanda rabinsu kurmi ne, inda duk guguwar da ta ratsa takan bar musu sassaben da zai ci mako guda. Bokiti, wanda aka ƙera don ƙasa da yashi da taki, ba ya iya wannan aiki, domin reshe mai tsawon mita 4 da aka ɗora masa yakan yi tafiyar taku goma ne kawai ya zame, sai mai gona ya sauko ya mayar da shi da hannu, ya hau, ya sake saukowa, har la'asar ta riske shi yana hawa da sauka alhali tulin rassan yana nan inda yake.

Wanda ya sha wannan wahala shi ne yake zuwa wurin dila da zuciya a cike, kuma a nan ne cutar farko take kama shi, wato son babba. Idonsa ba ya tsayawa a kan macafkin da ya dace da taraktarsa, sai a kan wanda aka jingine a can ƙarshen fili, mai faɗin inci 72 da haƙora masu kauri, wanda aka ƙera don injinan 'yan kwangila, kuma yakan tsaya a gabansa yana shafa ƙarfen yana hango yadda maƙwabta za su rage gudu in sun zo wucewa. Abin da ya kamata ya riƙe kafin ya shiga filin shi ne cewa hannun lodi, wato sandunan ƙarfe biyu da ke ɗaga kaya a gaban tarakta, yana da iyakar nauyin da zai ɗaga, kuma nauyin macafkin kansa daga cikin wannan iyaka yake fita. Kamfanoni sukan buga adadi biyu a takardar injin: ɗaya an auna shi a daidai fil ɗin da bokiti yake juyawa a kai, ɗaya kuma an auna shi milimita 500 gaba da fil ɗin, inda kaya suke zama a zahiri, kuma na biyun yakan gaza na farko da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dila yakan ambaci na farko da babbar murya, mai saye kuwa na biyun ne zai rayu da shi. Idan aka ɗauki misalin tarakta mai doki 25 wadda hannunta yake ɗaga kimanin kilo 500 a kan fil, kuma kimanin kilo 370 a gaba da shi, to macafki mai kilo 250 zai bar mata kusan kilo 120 kacal na itace, yayin da mai kilo 110 zai bar mata fiye da ninki biyu na wannan. Jakin da mangalarsa ta kai rabin abin da zai iya ɗauka, ko an yi mata ado da tunta, rabin kaya zai kai kasuwa.

Saboda haka masu dogon aiki da waɗannan injuna suke ba da shawarar faɗin inci 48 zuwa 55 ga mafi ƙanƙantar tarakta, inci 60 kuma ga wadda ta ɗan tasa. Faɗi a nan ba shi da amfanin da yake da shi a bokiti, inda ake son baki ya rufe sawun tayoyi, domin rassa da gungume suna fitowa ta gefe biyu ko da macafkin siriri ne, kuma siririn ya fi shiga tsakanin itatuwa, ya fi tara ƙarfin injin a wuri ɗaya idan ana tonon saiwa. Ingancin ƙarfe shi ne abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi, domin ƙarfe mai tauri irin AR400, ko Hardox na kamfanin SSAB na Suwidin, yana ba da damar a yi haƙora sirara marasa nauyi waɗanda ba sa lanƙwasa, alhali ƙarfen gama-gari sai an ninka kaurinsa kafin ya jure, kuma araha ba ta ado a wurin da haƙori zai yi karo da dutse.

Siffar macafki iri biyu ce a taƙaice. Akwai mai gajerun haƙoran ƙasa da suke tsaye suna ɗan lanƙwasa, wanda yake kartar ƙasa ya tattaro saiwoyi da ƙirare ya bar turɓaya ta zube ta tsakanin haƙoran, akwai kuma mai dogayen haƙoran ƙasa a shimfiɗe, wanda yake shiga ƙarƙashin kaya ya tallafe su, ya fi dacewa da gungume da duwatsu da tarkacen gini. Murfin sama, wato muƙamuƙin da yake saukowa ya danne kaya, yakan zo ɗaya ko biyu. Mai murfi biyu yana riƙe kayan da gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, kamar kututture mai saiwa a ɓangare guda, domin kowane murfi yana sauka har sai ya sami abin da zai danne, amma yana zuwa da silinda biyu da ƙarin tiyo da ƙarin nauyi, kuma ga ƙaramar tarakta murfi ɗaya ya wadatar.

Maɗaurin da ke haɗa macafki da hannun lodi shi ne abin da ɗokin saye yake mantar da mutane, har sai motar kaya ta sauke ƙarfen a ƙofar gida. Mafi yaɗuwa a Amurka shi ne farantin da ya samo asali daga kamfanin Bobcat na Dakota ta Arewa, mai hannuwa biyu da ake dannawa su kulle, John Deere kuwa yana da nasa tsarin na ƙugiya da fil a ƙananan taraktocinsa, a Turai kuma akwai wani na uku. Babu ɗayansu da yake shiga ɗan'uwansa, kuma wanda ya yi odar da ba ta dace ba zai ƙare ne da sayen farantin haɗi, wanda yake ƙara nauyi ya kuma tura kayan gaba, ko kuwa ya yi mako biyu yana zagaya sabon macafkinsa a tsakar gida yana kallo.

Sai batun mai, wanda ya fi kowane sashe bukatar natsuwa. Hannun lodi yana aiki da haidirolik, wato man da famfo yake turawa da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa silinda domin ya tura sandarta waje ko ya jawo ta ciki, kuma sandar sarrafawa da ke gefen direba ayyuka biyu kawai take yi, ɗagawa da saukewa, sai karkatar da baki sama ko ƙasa. Buɗewa da rufe muƙamuƙi aiki na uku ne, dole a nemo masa hanyar mai. Hanya mafi kyau ita ce a sa bawul na uku mai zaman kansa, da maɓallai biyu a kan sandar sarrafawa, wanda yake ba direba damar ya karkata baki ya kuma rufe muƙamuƙi a lokaci guda. Ta biyu ita ce bawul mai karkatarwa, wanda yake aron man karkatar da baki ya ba wa murfi muddin an danne maɓalli, don haka aiki ɗaya ake yi a lokaci ɗaya. Ta uku, wadda ta fi sauƙin kuɗi, ita ce a jawo dogayen tiyo daga mahaɗan mai na bayan tarakta zuwa gaba, sai dai tana bukatar hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a sandar lodi, ɗaya kuma a sandar baya, kuma mai gona hannu biyu gare shi. Duk wanda ya tsara kuɗinsa bai sa farashin wannan bawul a ciki ba, ya sayi muƙamuƙin da ba ya motsi.

Idan an gama da gaba, wajibi ne a koma baya, domin duk abin da aka ɗaga a gaba yana rage nauyin tayoyin baya, waɗanda su ne masu birki a yawancin ƙananan taraktoci, yana kuma ɗora shi a kan ƙaramar sandar tayoyin gaba wadda take lilo a kan fil guda a tsakiya. Maganin shi ne a rataya nauyi a maɗaurin baya mai ƙafa uku, wanda Harry Ferguson ya ƙirƙiro, ko akwatin ƙarfe cike da kankare ko wani injin noma mai nauyi, a kuma cika tayoyin baya da ruwa mai nauyi, kamar ruwan gishirin kalsiyam ko ruwan gwozar sukari da ake sayarwa a can. Ruwan taya yana riƙe tarakta a ƙasa, amma nauyin da aka rataya a bayan sandar tayoyin baya shi ne yake sauƙaƙa wa sandar tayoyin gaba. Wannan ba wurin wasa ba ne, domin kifewar tarakta tana cikin manyan abubuwan da ke kashe manoma a Amurka. Suwidin ta wajabta ƙarfen da ke kare direba idan tarakta ta kife a kan sababbin taraktoci tun 1959, kamfanonin Amurka kuma suka mayar da shi ƙa'ida tun 1985, amma ƙarfen da aka naɗe domin a shiga gareji aka manta ba a miƙe shi ba, ba ya kare kowa, haka nan wanda aka miƙe ba a ɗaura bel ba.

Wajen aiki, sabon hannu yakan afka wa tulin rassa daga gaba da baki a buɗe, ya rufe, ya ja da baya da ƙirare uku a haƙori, yana waige ko wani ya gani. Gwani yakan ɗaga hannun lodi, ya kifa macafkin ta yadda haƙora za su dubi ƙasa, ya sauko a kan tulin daga sama, ya danne shi har ya matse, sannan ya rufe a hankali yana ɗan karkatar da baki sama, sai ya tashi da dami guda wanda zai cika amalanke. Gungume ana kama shi a tsakiyar nauyinsa, wanda yake kusa da gindi mai kauri, a ɗan ɗaga shi tsawon tafin hannu a ga ko ya rinjayi gefe, a sauke a gyara in ya rinjaya. Tafiya da kaya ana yin ta ne ƙasa-ƙasa, a ƙaramar giya, a hau gangare a miƙe a sauko a miƙe, kuma direba ya riƙa tuna cewa taraktarsa mai faɗin mita ɗaya da rabi ta koma mai faɗin mita 5 tun da ta ɗauki gungumen, gaskiyar da ginshiƙan ƙofar gona suka fi kowa saninta. Ba a ɗaga gungume sama da kai a karkata baki baya, domin yana iya gangarowa ta kan hannun lodi ya faɗo wa direba a cinya. Ba a kartar ƙasa da baya alhali sandunan silinda suna waje gaba ɗaya, domin a wannan hali ne suke lanƙwasa. Lagireto yana bayan raga sirirya a hancin tarakta, daidai inda tsinin reshe yake nufa, saboda haka garkuwar ƙarfe mai ƙananan ramuka ta fi sabon lagireto araha nesa ba kusa ba. Idan kuma ana zargin tiyo yana yoyo, da guntun kwali ake lalube, domin man yana fita da matsin da ya ninka iskar tayar mota sau sittin ko fiye, yana huda fata ta ramin da ido ba ya gani sosai, kuma wanda ya same shi aikin tiyata yake bukata cikin sa'o'i kaɗan, ko da wurin bai yi zafi ba.

Akwai wani sauyin hali da yake samun mai macafki a makonnin farko, wanda iyalinsa suke rigan shi ganewa. Idonsa yakan daina ganin gona, sai abubuwan cafka: tsohon shinge, dutsen da kakanni suka haƙura da shi, itaciyar da uwargida ta dasa da hannunta wadda a ganinsa ta ɗan karkace. Ladabin a nan shi ne ya yi tambaya kafin ya cafki duk abin da yake da ganye kore, ya kuma bubbugi tsohon tuli ya dakata kaɗan kafin ya ɗaga, domin zomaye da macizai da zanzaro sun riga shi zama a ciki. Tulin da za a ƙona ana haɗa shi ne kafin a kunna wuta, a karkaɗe ƙasa daga saiwoyi domin ƙasa tana kashe wuta, kuma ba a kusantar harshen wuta da tiyo cike da mai. Maƙwabta kuma za su fara gaisuwa mai tsawo, kowanne da itaciyar da ta faɗi tun bara, kuma abin da ya fi zama alheri ga kowa shi ne mai tarakta ya je da kansa ya yi musu aikin, maimakon ya miƙa makulli ga wanda bai san inda nauyin injin yake ba.

Ranar da za a cire macafki a mayar da bokiti, sai a sauke shi a daidaitaccen wuri da baki a rufe, a kashe injin, a juya makulli ba tare da an tayar ba a danna maɓallan bawul ɗin sau biyu ko uku domin matsin ya sauka, sannan a zare tiyo, a goge bakunansu, a haɗa su da juna idan suna shiga, ko a sa musu murfi. Man da aka rufe a cikin tiyo da sanyin safiya yakan kumbura idan rana ta buge shi, har mahaɗin ya ƙi shiga ko da ƙato ya hau kansa da dukan nauyinsa, kuma da yawa sun yi gumi a kan wannan suna zargin kamfani. Ajiye macafkin a inuwa yana hana faruwar haka, idan kuma ta riga ta faru, sai a lulluɓe mahaɗin da tsumma, a sa tabarau, a ɗan sassauta noti da sifana har ɗigon mai ya fito, a mayar a ɗaure, a bi kowane fil da giris kafin a koma daji.