Gwamnan Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

A garinmu, yaro in ya haura shekara goma aka gan shi yana jan motar kara, dariya ake yi masa, a ce ya girma bai san ya girma ba. Da wannan tarbiyyar na sauka Jamus, na kama haya a gidan wani dattijo ɗan fansho mai furfura fat. Kwana uku da tarewata ya ce in zo in ga "ƙasarsa". Na zaci gona ce. Sai na ga mun gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Jama'a, ashe Baba da jirgin ƙasa yake wasa. Amma kul ka ce "wasa" a gabansa, don ranar da bakina ya suɓuce na faɗa, sai da ya kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. A wurinsa wannan aiki ne, kuma aiki mai ƙa'ida. Komai an rage shi sau 87, ma'aunin da suke kira HO. Tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 ne, fasinjojin da ke tsaye a tasha kuwa ba su wuce santimita biyu ba, sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Shekara goma sha suna jiran jirgi, ba wanda ya taɓa yin ƙorafi. Na ce a raina, irin talakawan da kowane mai mulki yake roƙon Allah ya ba shi ke nan.

Duwatsun ƙasar tasa da soson roba ya gina su, irin mai taurin nan da Turawa ke liƙawa a bango don tare sanyi. Sai ya jera falle kan falle, ya manne da gam, ya ɗauko wata waya mai zafi ya riƙa yanka kamar mai fere kabewa. Daga nan ya shafe da filasta, ya yi fenti, ya barbaɗa ciyawar roba da ya saya da kuɗinsa, alhali ta tsakar gidansa ta kai gwiwa ba a yanke ba. Garin soson nan kuwa mayen mutum ne: ya manne a gashi, a riga, a jikin kyanwa. Har a miya na taɓa tsintarsa.

Wata rana na ce bari in yi abin kirki. Na ɗauki fentin feshi na fesa wa wani tsauni da ya yi wata biyu yana sassaƙa. Ashe irin wannan fentin cinye soso yake yi. Ina tsaye tsaunin ya fara narkewa kamar man shanu a kasko. Baba ya cire tabarau, ya dubi tsaunin, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ka yi mini zaizayar ƙasa." Washegari ya kafa 'yar motar agaji da ma'aikata uku a bakin ramin. Ko awa ashirin da huɗu ba a yi ba agaji ya iso.

Shimfiɗa dogon shi ne inda haƙuri ke ƙarewa. Hawa kada ya wuce kamar santimita biyu cikin ɗari, in ba haka ba kan jirgin ya yi ta murza ƙafa a wuri ɗaya. Kwana in ta yi tsanani, tarago ya kife. Bayan ya haɗa ƙarafan da dalma, sai ya zuba 'yar tsakuwa da cokalin shayi, ya baje ta da burushi, ya ɗiga mata gam da aka tsinka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa. Mita ɗaya takan ci masa yini guda.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsufar da kaya. Baba zai sayi sabon tarago na kamfanin Märklin, mai sheƙi, da kuɗin da zai sayi ragon layya, sannan ya zauna da garin launi yana zana masa tsatsa da ƙura don ya yi kama da na gaske. Na ce, "Baba, da ka ba ni shi na kai gida ya sha hunturu ɗaya, kyauta za a yi maka wannan aikin."

Kada ku ce shi kaɗai ne. A Hamburg, tagwaye Frederik da Gerrit Braun sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, yanzu dogon da ke ciki ya haura kilomita 16, kuma duk minti 15 gari yakan waye dare ya yi. Manya da gemunsu ke bin layi, suna ture yara don su gani da kyau. Mawaƙin Ingila Rod Stewart ya kwashe shekara 23 yana gina nasa birnin, har ƙarin ɗaki yake kamawa a otal saboda kayan aikin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da zan tashi daga gidan na tambayi Baba yaushe za a ƙaddamar da aikin. Ya ce saura gada ɗaya. Na hau sama yin sallama da Mama, matarsa, na tarar ta tara bokiti a ƙarƙashin famfon kicin, yana ɗiga ɗis-ɗis. Na ba ta albishir cewa saura gada ɗaya.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗan nan, gadar nan sau huɗu yana gamawa yana rushewa. Ai ya yi mini alkawari, ranar da ya gama jirginsa zai hau ya gyara famfon nan."

Daga ƙasa muka ji jirgin ya busa usur. Ƙarfe huɗu daidai, ko minti ɗaya bai makara ba.