Hancina ne waliyyina

Duk saurayin da ya zo neman shawarar aure a wurina, huɗubata ɗaya ce: a duba addini, a duba hali, a binciki asali. Ina yi ina gyaɗa kai, sai ka rantse wani dattijon arziki ne. Abin da ba na gaya musu shi ne, a nawa auren hanci ne ya yi zaɓi, hankali ya zo daga baya ya shafa fatiha.

Ƙamshi ne lagona. Idan humra irin ta Barno ta ratsa ni, wadda aka haɗa da sandal da farce da almiski, lissafina kwancewa yake yi. Ranar da na fara zuwa zance wurin matata, Maman Ummi, na tarar an turara zauren da turaren wuta ɗan Maiduguri. Na shiga da tambayoyi cike da baki, na fito ban yi ko ɗaya ba. Abokina ya ce, "Doguwa ce ko gajera?" Na ce, "Tana da ƙamshi."

Da a turare abin ya tsaya, da da sauƙi. Lokacin da ta tafi wankan gida, na ɓoye wani tsohon ɗankwalinta a ƙarƙashin matashi, wanda babu ɗigon humra a jikinsa, sai ƙamshin ita kanta. Ƙanwata ta zo shara ta gano shi. Har yau idan muka haɗu a taron dangi sai ta shafa hancinta ta dube ni.

Na nemi mafaka a wurin masana. A 1995, Claus Wedekind na Jami'ar Bern a Suwizalan ya sa maza 44 suka kwana biyu da riga ɗaya, ba turare, ba sabulu mai ƙamshi. Aka ba mata 49 rigunan su shinshina. Matan da ba sa shan ƙwayar hana ɗaukar ciki suka fi son ƙamshin mazan da ƙwayoyin halittarsu na garkuwar jiki, waɗanda ake kira MHC, suka bambanta da nasu. Bayanin da aka kawo shi ne, irin wannan haɗi na iya ba 'ya'ya garkuwa mai faɗi. Na ji daɗi ƙwarai: ashe lafiyar zuri'a nake nema.

Murnar ba ta daɗe ba, don hancin mata aka gwada, zufar maza aka shinshina. Ke nan ni ma an shinshine ni, ni da na je zancen nan a kan babur, cikin zafin bazara.

Na daure na tambayi Maman Ummi, "Wai ranar da na fara zuwa, me kika ji a jikina?"

Ta ce, "Baban Ummi, kana tsammanin turaren wutar nan don wa Inna ta ce a ƙara garwashi?"